Kafin ka shiga ramin yashi, duba gindinsa

A tsaunukan Turai da Kanada, inda dusar ƙanƙara ke taruwa, masu hawa sukan haƙa ɗan rami su ga yadda ta jeru kafin su taka gangare. Abin da suke tsoro shi ne samanta ya yi tauri, alhali ƙarƙashinta gari ne marar riƙo. Mutum ɗaya ya taka, sai gangaren ya sulale ya binne shi. Mu a Maraɗi tarkon nan yana ramukan yashi na bakin Gulbi, daga Jiratawa har Tibiri, da kududdufan da ake ɗibar ƙasar tubali, da ramukan masai da ake haƙawa cikin gidajen Sabon Gari. Ba mu manta da Nuwamban 2021 ba, lokacin da ramin zinariya ya rufta a Garin Liman, yankin Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 suka rasu.

Ƙasar fadama hawa-hawa take. Wata damina ruwa ya shimfiɗa laka, wata ya kawo rairayi. Saboda haka kada taurin inda kake tsaye ya ruɗe ka. Ɗauki shebur ka kankare bangon ramin daga sama zuwa ƙasa, ka bi shi kana dannawa da yatsa. Inda yatsa ya nutse, ɗebo ƙasar ka dunƙula a hannu. In ta wargaje, kuma akwai laka mai tauri a kanta, to wannan bangon ba abin da ke riƙe da shi.

Abin takaici, yashin da magina ke so a ƙasa yake, shi ya sa samari ke rarake gindi har ya zama kogo. Mai mota na danna oda, yaro na son ya cika lodi ya karɓi kuɗinsa. Ni dai ban ga lodin da ya kai wannan kasada ba. A fara kwashe lakar sama, a kwantar da bangon ya yi gangare. Ramin da ya kai mita ɗaya da rabi, ko a kwantar da shi ko a tokare shi da katako. Ƙasar da faɗinta da tsawonta da zurfinta mita ɗaya-ɗaya ne tana kai tan ɗaya da rabi, wato buhun gero 15 mai kilo 100. Ko iya ƙirji ta rufe ka, numfashi ya gagara.

Tsaga da ta bi bakin rami a tsaye, yashi na tsiyaya shi kaɗai, ruwa na tsattsafowa daga bango: ka ga ɗaya daga ciki, fito. Washegarin ruwan sama ba ranar shiga rami ba ce. Ɗanyen yashi ma mayaudari ne, da safe yana tsaye cak, rana na busar da shi ya saki. Ƙasar da aka fitar a zuba ta nesa da baki, aƙalla santimita 60, amalanke da mota kuma su tsaya can baya. Kullum a bar mutum ɗaya a sama yana kallo.

In ruftawa ta auku, kada jama'a su yi dandazo a baki, nauyinsu na iya jawo ruftawa ta biyu. A kira 'yan kwana-kwana a lamba 18, amma a fara tono nan take, domin mintuna ne ke tsakanin rai da mutuwa. In an kusa kai ga wanda ƙasa ta rufe a ajiye diga, a yi da hannu, a buɗe fuska da ƙirji tukuna. Kada a ɗaura masa igiya a ja. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, don naman da ƙasa ta danne na iya taɓa ƙoda daga baya.