Tambaya da Amsa: In Kai 'Yata Ƙauye Ta Koyi Girki Yadda Na Koya?

TAMBAYA

Ni mai sayar da abinci ce a bakin wani kamfani a Sharaɗa, shekara 11 ke nan, tun da masaƙar da maigidana yake aiki a Bompai ta rufe. A ƙauye na tashi, can bayan Gaya. Ina shekara 8 innarmu ta kwanta ciwo, ni ce babba, ga ƙanne huɗu. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini girki, kukan yunwar ƙannena ne ya tura ni gindin murhu. Ni ce surfe, ni ce kai niƙa, ni ce shiga daji neman kara da tafasa. Tuwon da na fara tuƙawa gudaji ne zalla. Babanmu ya cinye bai ce uffan ba, ni kuwa na zaga bayan rumbu na sha kuka. Har yau tabon talge yana hannuna.

Yanzu 'yata ta kai shekara 13, tana ƙaramar sakandare. In ba Indomie da shayi ba, ba abin da ta iya, ko muciya ba ta san yadda ake riƙewa ba. In na yi magana ta ce tuwon dawa abincin ƙauye ne. Na ce zan cire ta daga makaranta shekara guda in kai ta wurin gwaggona, ta sha abin da na sha. Maigidana ya ce bai yarda ba, yau kwana uku muna gaisuwa sama-sama. Wa ke da gaskiya? A yi haƙuri da rubutun, 'yar maƙwabta ce ta rubuta mini, ni a aji biyu na firamare na tsaya.

Daga wata uwa, Sharaɗa, Kano.

AMSA

'Yar'uwa, Allah ya ba ki ladan rainon ƙannenki, ya sa albarka a sana'arki. Ba zan ja miki rai ba: a maganar cire yarinya daga makaranta maigidanki ne da gaskiya, a maganar dole ta iya girki kuma ke ce da gaskiya. Abin da ya kawo saɓanin shi ne kin ɗaure abu biyu da igiya ɗaya, wato ilimin da kika samu da wahalar da kika sha kafin ki same shi, har kina ganin ba a samun ɗaya sai da ɗayan. Mu kwance su.

Mu fara da ilimin, domin na lura ke kanki ba ki ba shi darajarsa ba. Yarinyar da ta tashi a gaban murhu mai duwatsu uku ta san hatsi tun yana zangarniya. Ta san sussuka da shiƙa, ta san yayyafin ruwan da ake yi wa dawa kafin a zuba ta a turmi, ta san bakace a faifai, da wanki, da shanya, da tankaɗe. Tsaki ya tafi gefe don fate, dusa da ƙasari su tafi wa awaki, ba abin da ake zubarwa. Ta san nunar talge daga ƙarar tafasarsa tun ba ta buɗe tukunya ba, ta san ƙwayar kanwar da za ta nunar da wake ba tare da ta ɓata ɗanɗano ba. Abin da masana abinci suke koyarwa a aji, cewa haɗa hatsi da wake yana ba jiki abin gina shi fiye da a ci kowanne shi kaɗai, iyayenmu sun daɗe suna yi a ɗanwake da garau-garau. Kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli ganye ne da gyaɗa a kwano ɗaya. Daddawar kalwa, wadda ake dafawa a rufe kwanaki har ta ruɓa ta yi ƙamshi, ita ce ta tsaya a madadin nama a miyar gidajen da nama sai Sallah.

Kuma ki duba abin da wannan ilimin ya yi miki. Bompai ce tsohuwar unguwar masana'antu a Kano, daga baya aka buɗe Sharaɗa da Chalawa, aka cika su da masaƙu da majemu da kamfanonin robobi da alawa. Daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 zuwa matsalar wutar lantarki da kwararowar atamfar waje, da yawa sun ja ƙofa. Ranar da injin saƙa ya tsaya, muciyar da kika koya kina kuka ita ta riƙe gidanku. Don haka tsoronki yana da tushe. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowa ya ga yadda kuɗin gas da na cefane suka mayar da gidaje da yawa kan gawayi da tuwon masara, kuma wadda ta iya juya mudu ɗaya ya ciyar da mutum shida ita ce ta fi samun sauƙi.

To sai wahalar. Tabon da ke hannunki bai ƙara wa tuwonki daɗi ba. Hayaƙin kara da ice da kika shaƙa shekara da shekaru cuta ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum kimanin miliyan 3 a duniya duk shekara, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi kusa da murhun. Sannan ki sake sauraron layin ƙarshe na wasiƙarki. Sai da kika nemi 'yar maƙwabta ta rubuta miki sirrin gidanki. Wannan shi ne kuɗin da kika biya, kuma ba da son ranki ba, ciwon innarku ne ya tilasta. Ita 'yarki uwarta tana tsaye da ƙafafunta. Me zai sa ta biya bashin da ba a bin ta? Yarinyar da ta bar aji shekara guda a waɗannan shekarun, sau da yawa ba ta komawa.

Game da cewa tuwo abincin ƙauye ne, ba sai kin yi faɗa ba, amsar tana unguwarku. A nan Sharaɗa kamfanin Dala Foods yake ƙulla garin kunun tsamiya a leda yana kaiwa shaguna. A Bompai kamfanin fulawa na Northern Nigeria Flour Mills yake niƙa garin masara na tuwo. Abin da kike yi da turmi da rariya shi injinansu suke yi, kuma masu kula da su mutane ne da suka yi karatu. A Wudil, kan hanyar garinku, akwai jami'ar kimiyya da fasaha inda ake karanta sarrafa abinci. Ki nuna mata ledar kunun a shago ki tambaye ta: wa zai fi iya wannan aikin, wanda ya san littafi kawai, ko wadda ta san littafi ta kuma san ɗanɗanon kunun da tsamiyarsa ta yi daidai?

Ga yadda nake ganin za ki yi. Kada ki fara da tuwo, shi ne ƙarshen karatu. Wadda ta iya dafa Indomie ta riga ta san kunna wuta da auna ruwa da lura da lokaci, ki ɗora daga nan. Ranar Asabar ki ba ta ɗanwake, ta kwaɓa da hannunta ta jefa. Mako na gaba wake da shinkafa, sannan miyar kuka, ta koyi kaɗawa har ba gudaji. Sai ta saba da waɗannan za ki ɗora mata ƙaramar tukunyar tuwo ta mutum biyu. Ni kaina ina shekara 10 kakata ta tsaya a bayana, ta ɗora hannunta a kan nawa a jikin muciya, ta sa na danne gindin tukunyar da ƙafa ta cikin tsumma, muka tuƙa tare har na ji inda nauyin yake juyawa. Sau uku ta yi mini haka, a na huɗu ta koma kan tabarma tana jan carbi. Wannan hannun shi kika rasa kina ƙarama, shi kuma za ki ba 'yarki.

Ki riƙa ba ta kuɗin cefanen gida ta je kasuwa ta dawo da lissafi. Ki ba ta littafin cinikin rumfarki ta riƙa rubuta mudu nawa aka dafa, kwano nawa aka sayar, wa ya ci bashi sai ƙarshen wata. A nan za ta ga karatunta yana da amfani a wurinki, ke ma ki ga haka. Amma aikinta ya tsaya a gida, kada ki ɗora mata talla a ƙofar kamfani cikin maza. Idan dogon hutu ya zo, ta je wurin gwaggo mako biyu, lokacin damina ne, ta ga tafasa da rama a gona, ta yi surfe da 'yan'uwanta, ta dawo kafin a koma makaranta. In kuma kina da 'ya'ya maza su ma ki jawo su. Ke kika fi kowa sanin samarin da suke layi a rumfarki da tsakar rana, waɗanda rabin albashinsu yake ƙarewa a sayen abinci saboda ko ruwan zafi ba su iya dafawa ba.

Ranar da ta kwashe tuwonta na farko, gudaji zai fito, ba makawa. Ki yi abin da babanku ya yi, ki ci. Ki ƙara da abin da shi bai yi ba, ki ce mata Allah ya yi albarka. Sannan ki miƙa mata hannunki ta ga tabon, ki ba ta labarinsa cikin natsuwa ba da gori ba, domin ina zaton har yau ba ta san abin da uwarta ta yi tana shekara 8 ba.

Maigida kuwa, yau da dare ki kai masa abincinsa da kanki ki zauna ku daidaita: yarinya ta ci gaba da makaranta, Asabar da Lahadi kuma naki ne. Allah ya shirya mana zuri'a, ya bar ku tare.