Buroshi mai caji ko aswaki?

Tambaya: Na sayi buroshi mai caji da tsada, amma har yanzu dasashina na jini idan ina goge baki. In koma ga aswaki ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, laifin ba na buroshin ba ne. Yawanci jinin dasashi yana zuwa ne daga dattin da ke manne a gindin haƙora, inda ƙwayoyin cuta ke taruwa su kumbura dasashi. Ki riƙa goge baki sau 2 a rana, minti 2 kowane lokaci, da man da ke ɗauke da sinadarin fuloraid. Kada ki danna buroshin da ƙarfi, ki bi da shi haƙori bayan haƙori, ki kuma canza kansa duk wata 3.

Aswaki yana cire datti sosai, kina iya amfani da shi da rana, sai dai ba ya maye gurbin man. Ki guji gawayi da toka, suna kankare fatar haƙori. Idan jinin ya wuce mako 2, ki je wurin likitan haƙori, domin dattin da ya daskare sai da na'ura ake cire shi.