Yadda Ake Zama Bakaniken Manyan Injuna

Idan tarakta ta lalace a farkon damina, ba mai ita kaɗai ke hasara ba. Duk manomin da ya biya kuɗin huɗa yana jiranta, sai shuka ta wuce shi. Saboda haka bakaniken manyan injuna, watau tarakta da katafila da gireda, mutum ne mai daraja ƙwarai. To, ƙaƙa yaro zai kai ga wannan matsayi?

Abu na fari shi ne karatu. Lalle ne yaro ya iya Turanci da lissafi, domin kowane inji da littafinsa yake zuwa, mai bayyana irin man da ya dace da shi, da ƙarfin da za a ɗaure kowane noti. Wanda ke ɗauri da ka, wata rana zai fasa inji.

A Nijeriya, yaron da ya gama ƙaramar sakandare yana iya shiga kwalejin koyon sana'a ya yi shekara 3, ya ɗauki jarrabawar hukumar NABTEB. Mai son ƙari sai ya wuce kwalejin kimiyya da fasaha, kamar ta Kaduna, ya yi shekara 2 ya sami difloma. Wanda kuwa ya koya a gareji wurin ubangida, kada ya zauna ba takarda. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin gwajin sana'a mataki 3, daga aji na uku zuwa na ɗaya.

Abubuwan koyo guda huɗu ne. Na fari injin gas, wanda ba shi da fulogi, zafin matsattsiyar iska ke kunna mansa. Na biyu aikin man haidirolik, mai ɗaga garma da bokiti. Na uku giya da birki. Na huɗu lantarki, gama injunan yanzu sai an jona musu kwamfuta ta nuna inda ciwo yake.

Sa'an nan a koya masa tsare ransa. Ba a shiga ƙarƙashin garma sai an sauke ta ƙasa ko an tokare ta. Ba a laluben yoyon haidirolik da hannu, domin ƙarfin man yana huda fata.

Uban da ya cire ɗansa daga makaranta don ya yi saurin kama sifana, ya rage masa hanya. Karatu tukuna, sa'an nan gareji.