YARO A AYARI
Karatu: Luka 2:41-52

Sa'anda Ubangijinmu Yesu ya cika shekara 12, iyayensa suka hau da shi Urushalima domin Idin Ƙetarewa. Daga Nazarat tafiyar kwana uku ce ko fiye, da ƙafa, ana kwana a hanya. Ku lura da aya ta 44. Yusufu da Maryamu sun yi tafiyar yini guda ba su gan shi ba, hankalinsu kuwa bai tashi ba, gama suna tsammani yana cikin ayari tare da dangi da idon sani. Wannan ba sakaci ba ne. Sun saba su sake masa, domin sun san mutanen da ke cikin ayarin. Da suka same shi bayan kwana uku, yana zaune cikin Haikali tsakiyar malamai, yana sauraro yana tambaya.

Yaron da bai taɓa kwana nesa da uwarsa ba, bai san nauyin kansa ba tukuna. A zango shi zai naɗe tabarmarsa, ya wanke kwanonsa, ya lissafta guzurinsa kada ya ƙare tun ran fari. Kadan ya bar takalminsa a waje ruwa ya jiƙa shi, ba wanda zai ɗora wa laifi. William Smith, wanda ya kafa Boys' Brigade a Gilasgo a 1883, ya gane wannan. A 1886 ya kai samarinsa zangonsu na fari a bakin teku a ƙasar Sikotlan, daga nan al'adar ta bazu har ta iso ekklesiyoyinmu.

Amma mu da ke ƙetaren kogi, Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha da Narayi, ba za mu yi wannan magana kamar ba mu san kome ba. Ran 5 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar Bethel Baptist wajen Maraban Rido da dare, suka kwashe yara sama da 100. Uwar da ta ce ɗanta ba zai kwana waje ba, kada kowa ya ce mata marar bangaskiya. Ita ma Maryamu ta gaya wa ɗanta da bakinta irin juyayin da suka sha wajen nemansa.

To, me za mu yi? Mu kulle su a ɗaki har su yi gemu? A ganinmu abin da ya kamata a gyara shi ne ayarin, ba a fasa tafiyar ba. Ba dole sai an shiga jeji ba. Makarantar Sabon Tasha tana iya kwana biyu a harabar wata ekklesiya a cikin gari, da rana a kai yara gidan tarihi na Kaduna su ga kayan Nok, su ga gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru. Akwai yaranmu da yawa da ba su taɓa haye kogin nan ba sai a bayan uwa.

Malamai su faɗa wa iyaye wurin kwana da sunan kowane babba da zai raka. 'Yan mata su kwana da mata dattijai. Kada a kama hanya bayan la'asar. A ƙidaya yara safe da yamma da suna, gama Yusufu ma sai bayan tafiyar yini guda ya gane babu yaron.