A Buɗe wa Ɗaliban Sakandare Ƙofar Sanin Duniya

'Ya'yana shugabannin makarantun sakandare da malamai, ga 'yar shawara daga dattijo, ku saurara da kunnen basira.

Yaran da ke hannunku kullum suna jin labarin duniya, amma a waya suke jinsa, guntu-guntu, daga bakin wanda ba su san zurfin iliminsa ba. Roƙona shi ne ku riƙa shirya musu lacca kan hulɗar ƙasa da ƙasa, ko da sau ɗaya ne a zango, su zauna gaban masani, su saurara, su yi tambaya.

Na san wani zai ce me ya haɗa yaro da siyasar duniya, ga WAEC da NECO a gabansa. Ai duniyar ta riga ta shigo har cikin gidansu. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, alkama da takin zamani suka yi tsada, domin ƙasashen biyu suna cikin manyan masu fitar da alkama, Rasha kuma babbar dillaliyar taki ce. Burodi ya ƙara kuɗi, manomi ya rage takin da yake zubawa. Da sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Kasuwannin Jibiya da Illela da Maigatari suka yi sanyi, zumuncin Katsina da Maraɗi, da na Sakkwato da Konni, ya shiga wahala. Yaro ya ga wannan da idonsa. Abin da ya rage masa shi ne wanda zai warware masa dalili: wane ne ya yanke hukuncin, da wace hujja, wa ya ci riba, wa ya yi asara.

Ku kuma tuna musu cewa namu sun taka rawa a wannan fage. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne a Bauchi kafin ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1960, lokacin da Najeriya ta zama mamba ta 99. Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, ya wakilci Najeriya a can, ya kuma shugabanci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Farfesa Tijjani Muhammad Bande, mutumin Zagga a Kebbi, ya shugabanci babban zauren Majalisar a 2019. Hajiya Amina Mohammed kuwa tun 2017 aka naɗa ta mataimakiyar babban sakatare. Yarinyar da ta ji haka ba za ta ƙara ɗaukar harkar a matsayin ta wasu can ba.

Shirin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ku rubuta wa sashen kimiyyar siyasa ko na tarihi a jami'ar da ke kusa da ku, Bayero ce ko Ahmadu Bello, Usmanu Ɗanfodiyo ko Abdou Moumouni ta Yamai. Ku nemi tsofaffin jakadu da 'yan jarida. Kada ku raina ɗan kasuwar da ke ƙetare iyaka, shi ma yana da abin faɗa game da kwastan da canjin naira da sefa. Kafin ranar, ku kafa taswira a aji, yara su nemo ƙasar da za a yi magana a kanta. Ku roƙi baƙo ya bar rabin lokaci don tambayoyi, ya kuma sauko da bayani cikin Hausa in Turanci ko Faransanci ya yi nauyi. Ku tabbata 'yan mata sun samu damar magana, kada a bar wa masu baki a aji kawai. Inda baƙo bai samu ba, ku kunna musu rahoto ɗaya daga BBC da DW da RFI, su gano inda suka dace da inda suka saɓa.

Abu guda nake jan kunnenku a kai. Kada zauren ya koma dandalin jam'iyya ko na aƙida, kada kuma a cusa wa yara ƙin wata al'umma. In ana batun ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, a kawo hujjar waɗanda suka fita da ta waɗanda suka zauna, yaro ya auna da kansa, ya koyi musu cikin ladabi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wanda ya saba tambayar hujja tun yana ƙarami da wuya mai ƙarya ya ja shi a baki.

Allah Ya yi muku jagora, Ya albarkaci yaran da aka ba ku amana.