Ɗana Ya Shekara Biyu Bai Fara Magana Ba

Tambaya: Ɗana ya cika shekara 2, sai nuni da yatsa kawai yake yi. Surukata ta ce maza dama nauyin baki gare su. In jira? Daga wata uwa, Ƙofar Na'isa, Kano.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki jira. Jariri yakan fara gwaranci wajen wata 6, kalmar farko ta fito wajen shekara 1. A shekara 2 yawancin yara suna haɗa kalma biyu: "Umma ruwa", "ba ni".

Fara da kunnensa, domin yaro da ji yake koyon magana. Ki tsaya bayansa yana wasa, ki kira sunansa a hankali. Ya waiwayo? Ki tuna kuma ko ya taɓa sanƙarau, ƙyanda, shawara yana jariri, ko kunne mai ruwa. Duk suna iya taɓa ji. Ki kai shi Asibitin Yara na Hasiya Bayero, ko sashen kunne na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Don Allah ban da wanzami; yankan ƙasan harshe ba ya buɗe baki.

A gida, in kina ba shi waya, ki karɓe ta daga hannunsa. In ya nuna kofi, ki dubi idonsa ki ce "ruwa kake so?", ki ɗan saurara masa kafin ki miƙa. Wajen wanka da girki ki riƙa yi masa hira.

Ki gaida surukarki, ki roƙe ta ta raka ku asibitin. Allah Ya buɗi bakinsa.