Dawa a maimakon masara

Kajin nama kaji ne da ake kiwo don a yanka. Suna girma da sauri: cikin sati 6 zuwa 8 ɗan tsako ya isa sayarwa. Amma suna da ci ƙwarai, kuma abinci ne ke cinye mafi yawan kuɗin mai kiwo.

A buhun abincin kaji mai kilo 100, wajen kilo 60 tsaba ce, galibi masara. Sauran kuwa tunkuza ce da dusa da garin kifi da garin ƙashi da gishiri kaɗan. Tsaba ke ba kaza ƙarfi, tunkuza da garin kifi ke gina jikinta.

Masara tana son ruwa da yawa, shi ya sa ba a noma ta sosai a Nijar. Akasari daga Benin da Nijeriya ake kawo ta. In ta yi tsada, mai kiwo ya yi asara, wani ma ya rufe akurkinsa. Dawa kuwa tana jure fari. Bayan gero, ita ce tsabar da muka fi nomawa, musamman a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa.

Masana na INRAN, ma'aikatar binciken aikin gona ta Nijar, sun gwada dawa a abincin kajin nama. Sun gano cewa dawa mai kyau tana iya maye gurbin masara, kaji su yi girma yadda ya kamata.

Amma ba kowace dawa ba ce ta dace. Wata jar dawa tana da wani abu a ɓawonta mai suna tanin. Shi ne ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Yana sa bauri, yana hana kaza amfana da abincin da ta ci, sai girmanta ya yi jinkiri. Farfara da kaura ba su da wannan bauri, su ne suka fi.

Ga abin da mai kiwo zai kiyaye:
1. Ya tauna ƙwaya biyu ko uku. In ya ji bauri, ya bar ta.
2. Kada ya sayi dawa mai danshi ko funfuna, tana sa kaji ciwo.
3. A ɓarza ta, kada a niƙa ta lilis.
4. Ya canza sannu sannu: a fara da kwata, a kai rabi, sannan duka.
5. Ya gwada kuɗin dawa da na masara kafin ya saya. Kada kuma ya taɓa rumbun iyali saboda kaji.

Kajin da suka ci farar dawa, ƙafafunsu ba su yin ɗorawa kamar na masu cin jar masara. Wannan ba ciwo ba ne.

Kalmomi da faransanci
dawa: le sorgho
masara: le maïs
tunkuza: le tourteau d'arachide

Tambayoyi
1. Me ya sa masara ke tsada a Nijar?
2. Yaya ake gane dawa mai tanin?
3. Buhu 3 na abincin kaji suna buƙatar tsaba kilo 180. In rabi dawa ce, kilo nawa ke nan?

Aiki
Kowa ya zo da irin dawar da ake nomawa a garinsu, mu jera su, mu rubuta sunayensu.